Hannu, famfo, kunu ko kwayar kemis: wanne ne yake kawo ruwan nono ga mai tatsa?

Kanwata ce ta kirani cikin dare sati biyu da suka wuce tana kuka wai nononta ya kafe. Bakwaini ta haifa, yaron yana kwance a dakin jarirai a Dutse an sa masa roba ta hanci, ita kuma an ce ta dinga tatsowa ana bashi, to kwana tara kenan tace in ta zauna ta matsa ta matsa abinda yake taruwa bai fi cokali uku ba. A kwana taran nan ta sha kunun kanwa ya kai bokiti, uwar mijinta ta aiko da hulba, wata makociyar gadonta ta rubuta mata sunan wata kwaya tace a siyo a kemis, shi kuma maigidan yana can yana cinikin injin tatsa mai caji da kudin tunkiyar da ya siyar. Tambaya daya nayi mata, nace daga asuba zuwa wata asubar sau nawa kike tatsa? Tace sau uku, wani lokacin hudu in malamar asibitin ta matsa mata. Nace to anan gizo yake sakar, ki cewa mijin naki ya rike kudin tunkiyarsa tukuna.

Ni dai malamar firamare ce a wani kauye ta wajen Ringim, amma na tatsar wa yara biyu nono, ta farin lokacin ina zuwa karatun NCE a Gumel ina barinta wajen Innarmu, na biyun kuma kin kama nono yayi har kusan wata biyu. Kusan duk abinda mata suke gwadawa na gwada, wani nayi asarar kudi wani na sha wuya a banza, shi yasa nace bari in jera miki su daya bayan daya ki ga wanda ya dace da gidanki da aljihun maigidanki.

Amma sai kin fara gane yadda nonon yake aiki, in ba haka ba duk zabin da zakiyi a duhu zakiyi shi. Mu mata mun dauki nono kamar randa, wai in aka diba ya ragu gara a barshi ya taru. Wallahi rijiya ce. Iya yadda ake jan ruwa iya yadda take bubbugowa, in aka barta a cike sai jiki ya dauka ba a bukata ya rage. Ki tambayi duk bafulatanar da take kawo miki nono, saniyar da aka daina tatsa kwana kadan take dauka ta kafe ko da ciyawa ta kai mata wuya. Akwai sinadari a jiki da likitoci suke kira furolaktin, shine yake sa a hada ruwan nonon, duk sanda aka tsotsa ko aka tatsa sai ya tashi, kuma yafi yawa cikin dare. Akwai na biyu oksitosin, irin wanda ake yiwa mace allurarsa bayan haihuwa don mahaifa ta tsuke, shi kuma shine yake sakin ruwan ya zubo, shi yasa kike jin mararki tana murdawa in kina shayarwa a satin farko. Wannan na biyun dan gata ne, tsoro da zafi da kunya da bacin rai duk suna rike shi, ki zauna kina tatsa facalarki tana leke tana cewa "wai dan wannan ne kawai?" ko digo ba zaki gani ba alhali nonon a cike yake.

To lissafin da malaman asibiti suke bayarwa ga wadda jaririnta baya tsotsa shine a kalla sau 8 cikin awa 24, kuma dole daya ya fado cikin dare. Yaro daga wata daya zuwa wata shida abinda yake sha a wuni da kwana wajen mililita 750 ne zuwa 800, wato ruwan leda na fiya wata guda daya da rabi, can kike son kaiwa a hankali. Amma ranar haihuwa cikinsa bai wuce daukar karamin cokalin shayi ba a sha daya, don haka dakashin nan da yake fitowa digo digo mai ruwan dorawa ya ishe shi, kuma don Allah kar ki yarda a sa ki matse shi ki zubar wai datti ne, shine rigakafinsa na farko.

Bari in fara da hannu tunda shi kowa take dashi. Ba kudi, ba caji, ba kara, abin wankewa kofi daya ne da hannunki. A kwana ukun farko babu injin da ya kai shi, saboda dakashi kauri gareshi kuma kadan ne, in kika sa famfo a jikin robar zai makale ya kare, amma da hannu kina diga shi a cokali kai tsaye a ba yaro. Matsalar daya ce, yawancinmu bamu iya ba. Sai kiga mace ta kama kan nonon tana ja kamar zata tsinke shi, ko tana murza fatar har tayi ja, ruwan kuma ba a kan yake ba. Ki wanke hannu, ki dan gasa nonon da tsumma mai dumi ki shafa shi a hankali daga sama zuwa kasa, sannan ki dora babban yatsa a sama manuni a kasa, baya da kan nonon kamar fadin yatsa biyu, wajen karshen bakin da'irar nan. Ki tura yatsun ciki wajen kirjinki tukuna, sannan ki hade su, ki saki, ki sake, kamar yadda bakin yaro yake yi. Minti daya biyu zaki ga kamar ba komai, kar ki fasa, sai kiji tsir ya fara feshi. In ya rage ki zagaya da yatsun wani gefen, in ya tsaya ki koma daya nonon, ki dawo, haka haka har minti 20 zuwa 30. Wahalarsa kenan, lokaci yake ci kuma yatsu suna sagewa, sau takwas a rana da hannu zalla ga wanke wanke ga girki ga surfe ba karamin aiki bane, ni a sati na uku babban yatsana har kumbura yayi. Amma duk abinda zaki siya daga baya sai kin iya wannan, ranar da famfo ya lalace ko caji ya kare shi zaki koma wa.

Akwai wani famfo da yake cika kemis na kauye, gilas ko roba mai kwan roba ja a gindi kamar hon din keke. Shine mafi araha kuma shi na fara siya. Kar ki siya. Nono yana shiga cikin kwan robar kuma ba yadda zakiyi ki wanke cikinsa, kwana biyu zakiji yana tsami, ga ja da karfin tsiya da yake fasa kan nono, ga shi baya kwashe ruwan. Malaman shayarwa sun dade da hana ba yaro abinda aka tatsa dashi.

Sai famfon hannu mai mariki, wanda kike matsawa kina saki nonon yana sauka cikin kwalba. A ganina wannan shine na matar kauye in dai za a kashe kudi. Baya neman wuta, baya kara balle duk gida a san abinda kike, yana shiga jaka ki tafi dashi makaranta ko wajen aiki, kuma karfin jan a hannunki yake. Dabararsa ki fara da matsawa kanana da sauri sauri har ruwan ya sako, sannan ki koma dogaye a hankali. Abu biyu ne suke sa mata suce baya aiki. Na farko mazurarin da ake kifawa a kan nonon, girma girma ne, in yayi miki kadan kan nonon zai dinga gogar gefe yana zafi, in yayi yawa zai zuke har bakin fatar ya kumbura, duka biyun ruwa baya fita sosai, tatsa kuma bai kamata tayi zafi ba, in kinji zafi akwai abinda ba daidai ba. Na biyu 'yar farar robar nan ta ciki mai kamar bakin agwagwa, ita ce ran famfon, in ta saki ko ta dan tsage shikenan jan ya mutu, ke kuma sai ki dauka nononki ne ya ragu. Na taba kwana hudu ina kuka ina dura kunu ashe robar ce ta yage. In maigida zai shiga Kano siyowa kice ya tambayi mai shagon ko akwai safayar wannan robar ya hado da ita, in babu ya duba wani. Sannan duk tatsa sai an kwance shi an wanke da sabulu da ruwa mai tsafta an kife ya bushe, sau daya a rana a tafasa, musamman in bakwaini ne. In kinsan ruwa wahala yake muku ki sa wannan a lissafi, don famfo mai datti gara hannu sau dubu.

Mai caji kuwa, musamman mai baki biyu da yake jan duka nonon lokaci daya, gaskiya yana da dadi, minti 15 zuwa 20 kin gama kuma tatsar biyu a tare tafi fitar da ruwa akan daya bayan daya. Wadda yaronta zaiyi makonni a kwalba baya tsotsa ko kadan, ko mai 'yan biyu, ko ma'aikaciyar da take wuni a waje, in da hali ya cancanci kudinsa. Amma kudinsa ya ninka na mai mariki sau da yawa, kuma kafin a siyar da tunkiya ki tambayi kanki ina zaki dinga caji. In kuna da sola a gida ko fawa bank mai kyau to, in kuwa sai an kai shagon caji bakin kasuwa an baro shi cikin wayoyin samari, tatsar dare ta tafi kenan, ga kunyar dan aike. Ga jabu sun cika kasuwa, sati uku batir ya mutu. In na hannu ne wata ta baki, ki duba siririn tiyon, in kika ga alamar nono ya taba shiga ko baki baki a ciki ki hakura dashi. Kuskuren da masu injin suke yi kuma shine murde karfin har karshe wai don yafi ja, abinda yake biyo baya tsagewar kan nono ne, zafin kuma ya rike ruwan. Ki tsaya a inda yafi karfi amma baya miki ciwo.

Wani abu da ya kamata mai injin ta sani, a jami'ar Stanford ta Amurka wata likitar yara Jane Morton da abokan aikinta sun fitar da bincike a 2009 akan iyayen bakwaini, suka ga wadanda suke matsa nonon da hannu lokacin da injin yake ja, sannan su karasa da hannu bayan sun kashe shi, ruwan da suke samu ya karu da kusan rabi. Kinga ko a can inda wuta bata daukewa hannun bai fita daga lissafi ba. Haka zakiyi da mai marikin ma, hannu daya yana famfo daya yana tausa wuraren da kikaji da tauri.

Shi kuma dan kofin roba mai laushi da ake mannawa a daya nonon yaro yana shan daya, tarar abinda yake zuba kawai yake, yana da amfani don kar ya tafi a rigarki amma ba dashi ake tada nonon da ya kwanta ba.

In kin zabi abin tatsarki, ga dabarar da tafi duk wani jiko yi min aiki. Ki ware awa daya a rana, ni bayan sallar asuba nake yi kafin gida ya tashi, ki tatsa minti 20, ki huta 10, ki tatsa 10, ki huta 10, ki sake 10. Zagayen karshe ko digo bazai fito ba, ba komai, sako kike aikawa jiki cewa yaro bai koshi ba. Ki jera kwana hudu zuwa sati kina yi akan tatsarki ta kullum, ba ranar zaki ga canji ba sai bayan kwana uku ko hudu. Kuma in yaron yana iya kama nono ko yaya ne ki fara sa shi kafin ki tatsa, babu injin da ya kai bakinsa. In bai iya ba ki kwantar dashi a kirjinki fata da fata daga shi sai nafkin ki rufa da zani, abinda asibiti suke cewa kangaru, a Bogota ta kasar Kolombiya aka faro shi a 1978 saboda karancin kwalaben jarirai, yana dumama bakwaini kuma in kika tatsa bayan kin sauke shi zaki ga bambanci da idonki.

Yanzu bangaren ci da sha, inda rigimar take da iyayenmu. Kunun kanwa dai an gada, ba mai jegon da zata ce bata sha ba, kuma ba zance baya komai ba, gero ne da ruwa mai dumi, macen da ta sha kofi biyu ta samu karfi ta samu ruwa a jiki. Amma aikin na geron ne da ruwan, kanwar gishiri ce zalla take kara miki. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na ABU Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta yadda suke ganin masu jego da yawa suna zuwa da ciwon zuciya, kafa ta kumbura numfashi yana sama sama, suka danganta shi da yawan kanwa hade da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya kan gadon da aka hura wuta a karkashi. Daga baya binciken Farfesa Kamilu Karaye na asibitin Malam Aminu Kano ya nuna akwai hannun talauci da karancin wani sinadari selenium a jiki, wato ba kanwa kadai bace, amma dai ciwon nan yana da yawa a yankinmu, kuma duk wadda aka taba cewa jininta ya hau a wajen awo ko tayi jijjiga ko kumburi, dura kanwa safe da yamma wasa da rai ne. Ni yadda na rabu da Inna lafiya, cewa nayi kanwa tana sa min zafin kirji, sai ta koma dama min na gyada da na tsamiya, kowa ya huta. Kunun gyada in an samu da 'yar shinkafa ko gero yafi na kanwa komai, ga maiko ga gina jiki.

Zogale shi ina goyon bayansa, ba don nace tabbas zai cika miki kwalba ba. An yi 'yan kananan bincike a kasar Filifin inda matansu suke cinsa don nono wasu suka nuna kari, amma da masana na Cochrane, wata kungiya mai tantance binciken likitanci, suka tattara binciken irin wadannan abinci da magungunan a 2020 cewa sukayi hujjar bata da karfi. Sai dai zogale abinci ne, yana bayan gida kyauta, kwadonsa da kuli kuli ko a miya yana taimakon macen da ta zubar da jini, to ba asara. Hulba kuma wasu suna rantsuwa da ita wasu basu ga komai ba, ni abinda na samu warin gumi da fitsari da kumburin ciki, yarinyar ma ta dinga tusa tana mika. Tana saukar da sukarin jini don haka mai shan maganin suga tayi hankali, mai ciki kuma kar ta sha. Dabino, ridi, wake, kwai, fura da nono, duk ki ci abinda ya samu, mai shayarwa tana bukatar karin abinci kamar kwano daya akan na da. Ruwa kuma ki sha duk sanda kikaji kishi, ki ajiye kofi kusa dake lokacin tatsa, amma dura shi har ciki ya dinga kara baya kara nono. Garin "mai kawo nono" da ake tallansa a leda ba suna ba lambar NAFDAC, wannan ko kyauta aka baki ki barshi, abinda kika sha yaron ma ya sha.

Kwayar kemis ita ce ta bani tsoro a maganar kanwata. Guda biyu ne ake rubutawa juna, metoclopramide da ake sani da Maxolon, da domperidone da ake sani da Motilium. Asalinsu maganin amai da tashin zuciya ne, sai dai suna daga furolaktin din nan, kuma gaskiya domperidone an ga yana dan kara nono ga iyayen bakwaini, shi yasa likita yakan rubuta shi in an gyara yawan tatsa abin bai motsa ba. Amma yana iya rikita bugun zuciya, hukumar magunguna ta Amurka ta ja kunne akansa tun 2004 kuma bata yarda a siyar dashi a can ba. Ki hada wannan da ciwon zuciyar masu jego da na fada yanzu, mace bata san zuciyarta ta fara kumbura ba ta dora wannan a kai. Maxolon kuma yana kawo kasala da bakin ciki mai nauyi, wata wuyanta ya karkace harshe ya fito a dauka iska ce a tafi wajen rukiyya, a Turai tun 2013 aka kayyade kar a wuce kwana 5 ana shansa. In likita ya duba ki ya rubuta to, amma ba makociyar gado ba, kuma ko shi din in kina tatsa sau uku a rana kudinki kawai zai ci.

Wani lokacin kuma kina yin komai daidai amma akwai abinda yake janye nonon ta baya. Kwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu, wato mai istirojin a ciki, tana rage shi, ki fadawa malamar kina shayarwa ta baki wadda ta dace. Wasu magungunan mura masu bude hanci suna busar dashi. Zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, ko guntun mabiyiya da ya rage a ciki, ko sabon ciki, duk suna hanawa, in kwana biyar ta wuce nono bai taba yin nauyi ba ko jini yaki tsayawa, asibiti zaki koma ba wajen mai jiko ba. Haka in gefe daya yayi ja yayi tauri da zazzabi, ki ci gaba da cire nonon a hankali ki je a duba ki, ba lalacewa yayi ba, kuma kar ki bari a jefa tururuwa a cikin nonon wai gwajin ko ya lalace.

Kafin ma ki yanke cewa nonon ya ragu ki duba yaron ba kwalbar ba. In yana jika nafkin sau 6 ko fiye a wuni da kwana bayan kwana biyar da haihuwa, fitsarin ba ja ba, ya dawo nauyin haihuwarsa wajen sati biyu, sikelin ranar rigakafi na sati 6 da 10 da 14 yana hawa, to yana koshi ko da kuka yake kamar me. Nono ya saki yayi laushi bayan arba'in ba kafewa bane, jiki ne ya gane ma'aunin. Kuma mai shayarwa da ta tatsa bayan yaro ya sha ta samu cokali hudu biyar, wannan ragowa ce ba ma'aunin abinda take dashi ba. In kuwa sikeli yana sauka kar ki tsaya jan rai, a kai shi a gani, in an ce a kara da madarar gwangwani na dan lokaci a kara da kofi da tafasasshen ruwa kina ci gaba da tatsarki.

Ajiya ita ce ciwon kanmu na kauye, don ba amfani ki sha wuya ki tatsa ya lalace. Ka'idar da ake bayarwa awa 4 a daki, kwana 4 a firij mai wuta tsayayya, wata 6 a firiza, kula mai kankara kuma awa 24. Amma awa hudun nan da daki mai sanyi ake nufi wanda bai wuce digiri 25 ba, ba dakin kwano a watan Afrilu da Hadeja take haura 40 ba, a bazara ki bada shi da wuri cikin awa daya ko biyu. Ni kofi mai murfi nake sawa in tsoma gindinsa a kwanon ruwan randa in ajiye a lungu mai inuwa. Tukunya cikin tukunya da jikakken yashi a tsakani, wadda marigayi Mohammed Bah Abba malamin kwalejin kimiyya ta Dutse ya yada har ya ci kyautar Rolex a 2000, ita ma tana sanyaya shi sosai lokacin da iska take bushe, sai dai bata kai firij ba, kar ki kwana dashi a ciki. In ya kwanta maiko ya taso sama ba tsinkewa yayi ba, ki juya shi a hankali. A dumama shi cikin ruwan dumi, kar a dora a wuta, abinda yaro ya sha ya rage kuma in ya wuce awa biyu a zubar. Ki koyawa mai rikon yaron bashi da karamin kofi maimakon fida, yafi saukin wankewa kuma baya sa shi ya ki nono. In a asibiti kike ana hada kwalabe a firij daya ki rubuta sunanki a jiki da kyau, banda maganar cuta, a mazhabarmu ta Malikiyya duk nonon da ya isa cikin yaro a shekara biyun farko ko makwarwa daya ce ya kulla 'yan uwantakar shayarwa.

Ku kuma ma'aikata, dokar kwadago ta Najeriya ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana a lokacin aiki, ni da ita na samu hedimasta ya bar min ofis lokacin tara da kuma kafin a tashi.

To in kece kanwata, ga abinda zan ce. Satin farko hannu, ko me kike dashi a jaka. In yaro yana tsotsa kuma fita kike ta 'yan awanni, hannu ya isa, in kina so ki kara da mai mariki. In baya tsotsa kwata kwata kuma ba tsayayyen caji, mai mariki da hannu tare, sau takwas, daya tsakanin karfe daya zuwa asuba. In akwai sola da kudi kuma zaman zaiyi tsawo, mai caji mai baki biyu, amma a hada da mai mariki ko a iya hannu saboda ranar tsiya. Kudin da ya rage a siyo gyada da kwai da wake, a kuma samo wadda zata karbi girki da daka, don abinda yake hana yawancinmu kaiwa sau takwas din aiki ne ba rashin inji ba.

Ita dai kanwar tawa mai mariki aka siyo mata, ta sa alam a waya duk awa uku, kwanakin farko tana kirana tana cewa Yaya ba canji, kwana na biyar ta turo min hoton kwalba ta kusa rabi. Jiya tace a wuni da kwana tana hada abinda ya kusa cika ledar fiya wata, an cire wa yaron robar hanci ya fara sha da kofi. Uwar mijin har yanzu kullum sai ta aiko da kunun kanwa a filas, ita kuma tana karba tace an gode Hajiya, ta mikawa masu gadin kofa.